Kawuna da Farar Hodarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma ga Ubangijinsa a bazarar nan, a gidansa na Malbaza, bayan tari ya ci ƙirjinsa wata da watanni. Ina bakin aiki a ɗakin haihuwa na Illela aka aiko mini, don ni ungozomar likita ce. Na jefar da rigar aiki na shiga motar haya, amma kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa.

Na sha zaman makoki a rayuwata, na san abin da ake faɗa. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, ya jinya, ya haƙuri. Duk an faɗa a gidan Kawu. Amma akwai wata magana da ke biyo bayan addu'ar, a hankali, da murya ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa ta shafa fatiha, ta matso har gwiwarta na taɓa tawa.

"Allah shi jiƙan Malam. To ɗiyata, ita hodar, wa anka bar ma?"

Na yi kamar ban ji ba. Ba a jima ba wata ta zo daga Galmi, ita ma haka. A waje wurin maza, wani dillalin albasa na Konni, wanda da kunnena na taɓa jin ya kira Kawu mahaukaci a tasha, ya yi ta sharar hawaye yana cewa an yi rashin bawan Allah mai asirin ruwa. Kowa ya shigo tsakar gida sai idonsa ya zarce can ƙurya, ga ɗakin kwanon da kwaɗo ke rataye a ƙofarsa. Mutane ba su san abin da suke roƙo ba, ni kuwa na sani, shi ya sa na zauna rubuta wannan kafin a yi arba'in.

Kawu malamin kimiyya ne a kwaleji har ya yi ritaya. Dogo ne, siriri, ga ƙaton tabarau da ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Yana da wata ɗabi'a mai ba mu kunya: duk gidan da aka ba shi ruwa sai ya shinshina kafin ya kai baki, ko da gidan surukai ne. Kalmarsa ɗaya ce a duniya, "Ba a gwada ba." A ce masa maganin wane yana kashe ciwon baya, ya ce ba a gwada ba. A ce bana damina za ta yi kyau, ya ce ba a gwada ba. Ranar da na kai masa wanda zan aura ya gaishe shi, mutumin na fita na ce, "Kawu, ya kuka gan shi?" Ya dube ni ta saman tabarau ya faɗi kalmar tasa. Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba.

Ƙasarmu ƙasar albasa ce, albasa kuwa sai da feshi. Maganin ƙwari na zuwa cikin bido, jarkar robar nan mai ƙarfi da marfi mai kyau, kuma ba wanda ke iya jefar da irin wannan bido in ya ƙare. Ana ɗauraye shi sau biyu a zuba ruwan sha, ko fura, ko mai. Wannan abu shi ya hana Kawu zaman lafiya. Kullum akwai ƙusa mai tsini a aljihun rigarsa. In ya ga bidon magani da ruwa ciki, a kasuwa ko a bakin rijiya, ba ya tambayar mai shi, sai dai ka ji ɓus, ruwa na tsiyaya. An zage shi, an kai ƙararsa wurin mai gari, mata suka riƙa ɓoye bidonsu ƙarƙashin zane in sun hango kekensa. Bai daina ba.

Hodar ta samo asali ne daga wani tsohon ɗalibinsa da ke karatu a jami'a can ƙetaren iyaka. Shi ya riƙa aiko masa da takardun bincike da gwangwanin wata farar hoda. Ina tuna ranar da ya fara yi mini bayani, na zo hutu, ina tsince shinkafa a gindin dalbejiya.

"Kin ga wagga hoda? Ita ce ke sa fenti ya yi fari. Tsatsar wani ƙarfe ce da ake kira titan. In anka niƙe ta har ƙwayoyinta sunka fi ƙarfin madubin likita, ta sha rana cikin ruwa, sai ta riƙa farfasa dattin da ke ciki. Ba tacewa take ba, ɗiyata, farfasawa take."

"To ai shi ke nan, Kawu. Rana dai ba mu da talaucinta."

"Nan ne matsalar. Ragguwa ce. Cikin duk hasken ranar nan ɗan kaɗan take iya ci, sauran ya wuce ta a banza. Sai an sa mata wani ƙarfe daban, ɗan mitsitsi, sannan ta farka."

Ƙarfen nan, in ji shi, yana cikin waɗanda masana ke kira masu wuyar samu, sunansa seriyom. Ya yi dariya har tabarau ya zame, ya ce wuyar samu a ina, ga shi a aljihun kowane mashayin taba. Ɗan dutsen da ke ba da wuta cikin laita, to da shi ake yin sa. Daga nan dattijo mai furfura, wanda bai taɓa sa taba a baki ba, ya koma bin teburan masu taba na Konni da Malbaza yana tattara matattun laitoci. Ya ɓare su, ya narkar da duwatsun cikin asid, ya jiƙa hodar da ruwan, ya shanya, ya kai maƙera a gasa masa cikin ƙaramin kasko. Ya ce abin kamar gishiri ne a miya, in ya yi kaɗan ba a ji, in ya yi yawa an ɓata tukunya. Shekaru ya yi yana neman daidai ɗin. Hayaƙin asid da ƙurar hodar kuwa duk a ƙirjinsa suka sauka, don ƙyallen da yake ɗaurawa a hanci ba ya tare komai. Na faɗa masa, a matsayina na ma'aikaciyar lafiya, ya ce in je in kula da masu ciki.

Da aikin ɗaka ne da ba mu shiga wannan hali ba. Amma aiki ne da ba ya yiwuwa sai a tsakiyar rana, a fili. Kawu ya samo ruwan rini daga masu rinin shadda na Konni, shuɗi ƙirin, ya jera kwalabe a kan katanga, ya barbaɗa hodarsa. Da hantsi ruwa shuɗi, kafin la'asar ya koma garau. Duk mai wucewa ya gani. Masu zuwa masallaci suka riƙa tsayawa, mata masu ɗebo ruwa suka riƙa ajiye tulu suna kallo da baki buɗe. Kafin wata ya ƙare labari ya kai har garin Dogarawa cewa Malam yana da hodar da ke wanke kowane irin ruwa.

Shi kuwa bai yi murna ba, don yana da nasa alƙalin. Sai ya ɗauki albasa, ya ɗora kowace a bakin kwalba yadda gindinta zai taɓa ruwan, ya jira kwana huɗu. Wadda ke kan ruwan rijiya mai kyau takan fitar da saiwa fara, doguwa, miƙaƙƙiya. Wadda ke kan ruwan da hodarsa ta wanke, musamman ruwan ɗaurayar bidon feshi, sai saiwar ta fito guntuwa, a murɗe, bakinta ya yi baƙi. Wata rana ya kira ni ya nuna mini.

"Duba nan. Launin ya tafi, warin ya tafi, dafin yana nan. Wani lokaci ma abin da ya farfashe ya fi na farko muni. Kin gane abin da na yi? Launi da wari su ke ce ma mutum kar ka sha. Ni kuma su na fara kashewa."

"To ku daina mana, Kawu."

"In na samu daidai ɗin, har dafin zai tafi. Saura kaɗan."

Wannan saura kaɗan ɗin na ji ta shekara da shekaru.

Rigimarsa da ƙanensa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ita ce ta fi kowace zafi. Kawu Ƙarami manomin albasa ne, kuma mutum ne mai gaggawa. Ya roƙi hoda aka hana shi, sai ya faki ido ya ɗebi cokali guda. Yana da ganga da yake haɗa feshi a ciki, ya cika ta da ruwa, ya zuba hoda, ya bar ta a rana yini biyu, ruwa ya yi fes, ya shayar da ragunansa. Kafin azahar, raguna biyu sun faɗi suna kumfa. Ya zo tsakar gidan Kawu yana ihu.

"Kai ka kashe mini dabbobi! Da ka ba ni da hannunka, ka faɗa mini yadda ake yi, da hakan ba ta faru ba!"

"Na ce maka ba a gwada ba."

"Kullum ba a gwada ba! Sai mun mutu duka za a gwada?"

Kawu ya cire tabarau, abin da ba ya yi sai ransa ya ɓaci matuƙa. Ya ce, "Gode ma Allah raguna ne. Da ɗiyanka ka ba, da yanzu muna maƙabarta." Ba su sake gaisawa ba sai da babbar salla ta zagayo, mahaifiyata ta zaunar da su ta yi musu kuka.

Ka ce mutuwar ragunan za ta tsorata mutane? Ina! Sai ma labarin ya juye. Aka ce ai sata aka yi, shi ya sa hodar ta yi fushi. Aka ce akwai addu'ar da Malam ke tofawa, wadda ƙanen bai sani ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da awo da gwaji, shi aka mayar mai asiri. Daga lokacin ya daina jera kwalabe a katanga, ya hau da su rufin ɗaki, ya sayo kwaɗo.

Kada a ce mai hana alheri ne. A shekarar yunwar nan ta 2005, wani magidanci daga wajen Tajaye ya zo masa da ƙullin irin gero, irin wanda aka cuɗa da jan magani don shuka. Gidansa an kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Ya durƙusa ya ce Malam ya taimaka ya wanke masa jan da hoda, su samu su daka. Ina nan a wurin. Kawu bai yi masa wa'azi ba. Ya karɓi ƙullin ya kai ɗakin kwano ya kulle, ya shiga rumbunsa, wanda shi ma ya kusa ganin ƙasa, ya cika masa buhu rabi, ya ɗaura masa a keke ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo matarsa, wadda muke ce wa Inna, ta ce, "Mu fa?" Ya ce, "Mu muna da ƴan'uwa masu albashi," yana nuna ni da baki. Haka na ciyar da gidan har kaka, ina mita ina kawowa.

Zuwana na ƙarshe yana da rai, na same shi a zaure kan tabarma, ya rame har zobensa na zamewa. Ya jawo hannuna.

"Gwangwani uku ne a ɗakin can. In ta Allah ta kasance, ki kai ma yaron nan na jami'a. In bai samu ba, ki haƙa rami mai zurfi. Kar ki bari ko cokali ya fita."

"Kawu, mi ya sa sai ta Allah ta kasance? Ku ba ni mabuɗi yanzu, in zuba a masai, kowa ya huta."

Ya ce akwai wani haɗi na ƙarshe da yake son ya gani in ya ji sauƙi. Ya ce gobe. Na so Kawu fiye da yadda zan iya faɗa, amma a wannan ina jin haushinsa har yau. Ya san haɗarin fiye da kowa, kuma ya kasa rabuwa da ita. Ni ma ina jin haushin kaina, don mabuɗin na nan ƙarƙashin matashinsa, hannu kawai zan miƙa.

Ranar rasuwar, da mutane suka ɗan ragu, na tambayi Inna mabuɗin. Tana zaune a ƙuryar ɗaki cikin takaba, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Haba ɗiyata, ko kwana bai yi ba. Bari a yi uku." Kunya ta kama ni. Wa zai tsaya jayayya da matar da aka binne mijinta ɗazu? Washegari na koma Illela don babu mai riƙe mini aiki, da niyyar in dawo da sassafe ranar addu'ar uku. Sai wata haihuwa ta zo a gicciye, ban samu kaina ba sai bayan azahar.

Ina shiga gidan na ga ƙofar ɗakin kwano a buɗe. Gwangwanaye uku na gindin randa, an wanke su an kife. Ƙanwata ce ta faɗa mini. Tun da safe Inna ta sa aka yayyage tsofaffin littattafan Kawu, aka ƙulla hodar ƙulli-ƙulli, aka raba tare da masa da goro. Kowa ya samu. Na Konni, na Galmi, na Tajaye, har baƙin da suka zo daga ƙetaren iyaka.

Na faɗa ɗakin Inna ko sallama babu.

"Inna! Mi kunka yi? Kun san abin da kunka raba ma mutane?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Sadaka na yi mishi."

"Ya hana! Da bakinshi ya hana!"

"Ke ba ki zauna garin ga ba. Shekara goma ina zuwa rijiya ana nuna ni, ga matar mai ƙusa, ga matar mai tsintar laita. Ya ƙone ƙirjinshi a kan abin nan. Yau kowa ya miƙo hannu biyu, ya durƙusa, ya ce Allah shi jiƙan Malam. In kai aikinshi rami in binne kamar mushen jaki? Ai na gani da idona, ruwa na yin fari."

Ba mugunta ta yi ba. Shekara arba'in tana tare da shi, tana dafa masa, tana jinyarsa, kuma bai taɓa zaunar da ita ya nuna mata saiwar albasar nan ba. Ni ya nuna wa, don ni na yi lakwal, na san boko.

Tun daga ranar ban zauna ba. Na roƙi liman ya yi sanarwa ranar Juma'a, ya yi. Kawu Ƙarami, Allah ya saka masa, ya hau babur ya bi garaken albasa yana ba da labarin ragunansa da bakinsa. Wasu sun maido. Da yawa sun ce sun zubar, ina kallon idonsu na san ƙarya ne. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, duk yadda na matsa, haka hodar ke ƙara daraja. Aka fara cewa dangi sun gane kuskurensu, suna son su tattara su sayar wa Turawa. Wata mata ta ce mini a fuska, "Da ba ta da amfani, da ba ki sha rana kina nemanta ba."

Makon jiya na je Tajaye, gidan wata yarinya da ke zuwa awo wurina, cikinta na fari, wata bakwai. An ce mini surukarta ta je addu'ar uku. Mijinta yana aikin feshi a garaken albasa da rani. Ta tarbe ni da murna, ta shimfiɗa tabarma, ta shiga ta fito da kofin silba cike da ruwa, ta durƙusa da ƙyar saboda ciki ta miƙo mini da hannu biyu. Ruwa garau, sai ɗan fari-fari da ya kwanta a gindin kofin. Can bayanta, a kan danga inda rana ta fi bugawa, na hango bido. Takardar maganin ma ba a ɓare ba.

"Ku sha, Anti, kun sha hanya. Ruwan Malam ne. Da bidon na wari, har amai yake sa ni, yanzu ko kaɗan babu."

"Tun yaushe kike shan shi?"

"Tun da Iya ta dawo daga uku. Ni kaɗai ma take ba, ta ce ni ce mai lalura, albarkar ta shiga jikin yaro."

Sama da sati uku ke nan. Ban taɓa mayar da ruwan baƙunta ba tunda aka haife ni, amma na ajiye kofin a ƙasa. Na tambaye ta ciwon kai, ta ce kaɗan-kaɗan, ai zafi ne. Na tambaye ta motsin ciki, ta yi tunani ta ce yana yi, sai dai kwanan nan ya yi haƙuri. Na ce ta kwanta. Na fito da ƙahon awo daga jaka na ɗora a cikinta na kanga kunne, na daɗe ina nema, zufa na zuba a wuyana. Can na ji shi.

Allah ya jiƙan Kawuna, ya yafe masa abin da ya sani da abin da ya jinkirta, ya sanyaya ƙirjin nan da ya sha wuta. Duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, in akwai ƙulli a gidanku, ko a gidan maƙwabta, don girman Allah ku kawo mini ko ku binne. Mai hodar da kansa bai taɓa shan ruwanta ba, ko kurɓi ɗaya.

Yarinyar ta ga na daɗe ban ɗago ba, ta ce, "Anti, lafiya?"

Na ce, "Zuciyarshi na bugawa." Iyakar abin da na sani ke nan, shi na faɗa.

Ta yi dariya, ta gyara zane, ta ce sun riga sun shirya da mijinta, in namiji ne sunan Malam za a sa masa. Na ɗauke bidon na taho da shi, tana ta mamaki. Saura wata biyu, kuma ni ce zan karɓi haihuwar.